Tuwon da Na Mayar Pauwa

Abu biyar Inna take sa wa miyar kuka, in ka ga na shida to ƙuda ne ya faɗa. Ruwa, daddawa, barkono, gishiri, sai ita kukar. Ba ta soya komai, ba ta jajjaga komai. In ruwa ya tafasa ta watsa dakakkiyar daddawa da barkono, ta tafi harkar gabanta, ta bar su suna ta ɓararraka har warin daddawar ya kwanta. Sannan ta janye itace, ta barbaɗa kuka, ta sa maburgi tsakanin tafukanta ta burga, ta sake barbaɗawa. Shi ke nan. Man shanu ba ya cikin lissafi, shi sai an zuba miya a kwano yake hawa kai. Ranar Sallah ma ba ta sauya komai, sai dai a yanka zabo a jefa ciki, a tuƙa tuwon jar dawa kamar kullum. Na koyar da girki a aji shekara da shekaru, da littafi da ma'auni, amma har na ajiye aiki ban yi miyar da ta kama ƙafar wannan ba.

Inna ita ta haife ni, kuma ni ce 'yar fari. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu na gefen Pauwa a wancan zamani ya san abin da hakan yake nufi. Uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana baki da baki, ba ta ma nuna ta san yana wurin. 'Yan yanzu in sun ji haka dariya suke yi, su ce ƙauyanci. To, Inna ta riƙe nata ƙauyancin da hannu biyu, ta fi kowa a unguwar. Ana yaye ni Gwaggo, yayar Baba, ta goya ni ta tafi da ni Daudawa inda take aure. Ita ta riƙe ni, ita ta sa ni boko, don mijinta malamin auduga ne, ya ga abin da biro yake yi wa mutum. A bakin Inna kuwa sunana "ta Daudawa". In na zo hutu, ina zaune a gabanta, sai ta dubi bango ta ce, "A ce ma ta Daudawa ta tashi daga rana." Bango bai taɓa isar da saƙon ba, ni nake ji in tashi.

Ƙannena kuwa tana kiransu da sunayensu, ta zage su, ta bi su da muciya, ta yi dariya da su har ta riƙe ciki. Ni ko zagin ban samu ba, kuma Allah ya sani na yi kwaɗayinsa. Akwai hutun da na fasa mata tulu da gangan, na tsaya a kan fasassun ina jiran ta buɗe baki. Ta zo ta duba, ta ce wa wata kaza da ke tono a wurin, "Wasu dai ba su san nisan rijiya ba," ta ɗauko tsintsiya. Ranar na sha kuka a bayan rumbu, kuma tun daga nan na fara tara mata haushi a ciki.

Abu ɗaya ne yake fitowa daga hannunta ya zo nawa ba da sunan bango ba. Kowace Sallah, ƙarama da babba, Inna tana kwashe malmala uku a wani baƙin akushi, ta rufe da faifai, ta zuba miya a 'yar langa mai murfi, ta ɗaure su duka a tsohon zani. Kawu, ƙanenta, ɗan kasuwar hatsi ne mai keke, shi yake ɗaukar ƙullin ya kawo Daudawa. Sai washegari yake isowa, Gwaggo ta yi mini ɗumame. A ƙarƙashin malmalar tsakiya kullum akwai cinyar zabo a ɓoye. Gwaggo takan tura mini akushin ta ce, "Ci, uwarki ce ke gaishe ki." In cinye in suɗe hannu, haushin ya kwanta na kwana biyu.

Gwaggo ce ta koya mini ƙa'idar akushi, tana wanke shi tana faɗa. Ba ya komawa wofi, sai an sa tukuici a ciki, ko goro ko sabulu ko 'yar shafaffiyar auduga. Ba ya kuma komawa da abin da ya zo da shi. In ba ka iya ci, ka ba wani, ka ba dabba, ka binne, amma ka wanke akushi. Mayar da abinci yadda ya zo, in ji ta, cewa ka yi an yi maka barbaɗe a ciki, wato mai girkin tana neman ranka ko hankalinka. Na ji wannan ya fi sau goma. Na faɗa ne tun yanzu don kada wani ya nema mini uzuri da rashin sani.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya zauce. Wanda jiya yake bin jaki yau yana kan babur, yana neman wanda zai banke da shi. Samari suka bar wa tsofaffi fartanya suka tafi dakon siminti. Gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta, aka rasa azuzuwa, aka rasa malamai, mu da muka fito daga makarantar horon malamai da takarda a hannu muka zama 'yan gata. A wannan shekarar Gwaggo ta rasu, aka ba ni aji a Ƙanƙara, na kuma yi aure a can. Malamin gona na aura, kafin in gama jera kwanukana ya zama ɗan kwangila. Yana gina azuzuwa daga Ƙanƙara har Faskari, yana jigilar katako daga dazukan Sabuwa, ta hanyar da in mota ta shiga da damina sai Allah ya fito da ita. Ya je Makka ya dawo Alhaji da haƙorin zinariya, ya koyi murmushi da gefen baki ɗaya don a gani.

Ni ma ban zauna a baya ba. Na yi kujerun kushin, na shimfiɗa leda a ɗaki, na sayi risho don kada hayaƙin itace ya taɓa mini ido. Ga farantan tangaran, ga cokula, ga tumatirin gwangwani da magi. Ga kuma buhun shinkafar waje, doguwa, fara tas, ba tsakuwa ko ɗaya, ba ɗanɗano ko ɗaya, amma wa ya isa ya faɗi haka a lokacin. Duk gidan da ake jin motsin muciya da la'asar, a wurinmu mutanen gidan ba su waye ba.

Ƙaramar Sallar farko da na yi a ɗakina, Alhaji ya gayyato manyan ma'aikata, waɗanda biro ɗinsu ke ba da kwangila. Mazan suna waje da shi, matansu uku suna ɗakina. Tun da asuba nake soye-soye, ga ƙaramin ciki wata biyu yana juya ni. Na jera musu shinkafa da jar miya da soyayyun kaji da lemun kwalba. Babbarsu matar wani akawu ce, 'yar birni, jan bakinta har a haƙori. Ta ɗana miyata ta ce ba laifi, na ji kamar an ba ni kujerar Makka.

Bayan azahar sai ga sallamar Kawu. Daga Pauwa zuwa Ƙanƙara ba sai an kwana ba, don haka ranar ya iso, yana gumi, ya naɗe ƙafar wando saboda sarƙar keke. Kawuna ne, ba mai hana shi shigowa. Ya cire takalmi, ya gaida baƙi, ya ajiye ƙullin tsohon zanin nan a tsakiyar sabuwar ledata. Miyar ta ɗan tsiyaya a hanya ta jiƙa zanin. Kafin ya miƙe daddawa ta cika ɗakin, ta danne turaren kowa.

Matar akawu ta ajiye cokali. "Malama," in ji ta, "a duba ƙarƙashin kujerun nan, ina jin ɓera ya mutu."

Sauran biyun suka tusa baki a mayafi. Ɗaya ta tambaya daga ina wannan kaya haka.

"Wata tsohuwa ce a ƙauye take aiko mana," na ce.

Kawu yana tsaye na faɗi haka. Ya dube ni, ya sa takalminsa, ya fita tsakar gida.

Na ɗauki ƙullin na kai madafi, na kwance, na ɗaga faifai. Tuwon da sauran ɗuminsa. Bakin ƙashin cinya ya ɗan leƙo daga ƙarƙashin malmalar tsakiya. Miyau ya cika mini baki, don wata biyu ke nan ba abin da ke zama a cikina, kuma na san wannan zai zauna. Amma ina jiyo dariyar matan nan ta taga, haushin da na daɗe ina tarawa ya taso ya haɗu da ita. Na mayar da faifan. Na auni mudu guda na ɗanyar shinkafa na ƙulle a leda, na haɗa da gwangwanin tumatir da magi, na ɗora a kan faifan, na ɗaure zanin yadda ya zo.

"Ki ba ni akushin in koma, rana na yi," in ji Kawu.

Na miƙa masa. Ya karɓa, ya ji nauyi, ya sake ɗagawa ya ji.

"Ba ki juye ba."

"Ban juye ba. Ka ce mata mutane sun bar cin wannan. Ga abin da ake ci nan na sa mata ta gani. In kuma tana da saƙo gare ni, ai tana da baki."

"Ɗiyata, kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani."

Ya rage murya. "Ki zuba ma awaki, ki wanke, in tahi da shi. Ba mai ji daga bakina har in mutu."

"Awakin gidan nan ma sun fi ƙarfinsa," na ce.

Ya ɗaure ƙullin a bayan keke ya tafi. Na wanke hannu da sabulu na koma wurin baƙina, muka ci gaba da hirar leshi.

Abin da ya faru a Pauwa, Kawu ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce ya tsaya a gindin wata tsamiya a hanya, ya kwance ƙullin da niyyar zubarwa, hannunsa ya ƙi. Bai iya zubar da girkin yayarsa a ƙasa ranar Sallah ba, bai kuma iya ci ba. Sai ya yi shawarar ya shiga gida a sace ya ajiye mata a ɗaki. Ashe matan maƙwabta sun cika tsakar gidan, suna jiran su ga tukuicin da Malama matar Alhaji za ta aiko a Sallarta ta farko. Wasu sun ce turmin atamfa ne, wasu sun ce agogo. Bai gama jingine keke ba wata ta sure ƙullin, ta ce ai ga nauyi nan, ta kwance a gaban kowa.

Ya ce matan duk sun zuba wa akushin ido. Inna ta dubi malmalar uku, ta dubi ledar shinkafa, ta ce masa, "Da saƙo?" Ya ce babu. Ta ce, "Da saƙo." Ya faɗa mata. Ta ce, "Madalla, Allah shi yi albarka," ta kai shinkafar ɗaki. Sannan ta dawo ta zauna a ƙasa, ta jawo akushin, ta juye miyar da ta yi sanyi, ta fara ci. Matan nan sun san me aka ce mata da wannan akushi, ita kuma ba ta da hanyar wanke kanta sai wannan. Ta cinye malmala uku ita kaɗai a gabansu, ta ci cinyar, ta tauna ƙashin, ba wadda ta iya tashi ta tafi. Kwana biyu ta yi a kwance da ciwon ciki.

Ni ban san da wannan ba tukuna. Babbar Sallah ta zo, Alhaji ya yanka raguna biyu, na yini ina suya ina duban ƙofa. Kawu bai zo ba. Na ce wa kaina an huta da wari.

Da cikina ya shiga wata bakwai aka ce sai goyon ciki, wato in koma gidan iyaye in haihu a can, in yi wankan jego, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Da Gwaggo tana da rai Daudawa zan tafi. Ba ta nan, don haka sai Pauwa. Alhaji ya kai ni a mota da akwatuna, ina ta shirya fuskar da zan yi in an fara aiko mini da saƙo ta bango.

Ina shiga Inna ta taso har tsakiyar gida. Ta ɗan rusuna, ta dube ni cikin ido. Ranar na fara sanin tana da ɗan tabo fari a idon hagu.

"Maraba da Malama," in ji ta. "An zo lahiya? Ya hanya? Ya nauyin jiki? Sannu, sannu. Ga ɗaki can an gyara maki."

Ni da wautata sai daɗi ya kama ni. Abin da na nema tun ina yarinya ke nan, ga shi an ba ni a tsakar gida kowa yana ji. Na raka Alhaji zaure ina cewa, "Ka gani ko? Mutanen ƙauye sai an nuna musu." Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in ciji harshena.

Da magariba ta shigo da kanta da abinci. Sabon faranti, sabon cokali, shinkafa da jar miya. Ta durƙusa ta ajiye ta ce, "A yi haƙuri da namu, Malama." Shinkafar ta caɓe, tumatirin bai soyu ba, amma na ci ina murna. A waje ina jin mutanen gida sun kewaye akussa suna santi. Da safe shinkafa. Da rana shinkafa. A kwana na uku wata ma'aikaciyar allurar rigakafi ta zo unguwar, ta shigo gidanmu. Ina daga ƙofar ɗaki na ga Inna ta taso har tsakiyar gida, ta ɗan rusuna, ta dube ta cikin ido. "Maraba da Malama. An zo lahiya? Ya hanya?" Ba ta rage ko kalma ɗaya ba, ba ta ƙara ba. Cokalin da nake riƙe da shi na ajiye.

Nan na gane abin da aka yi mini. Ba a kunyar bare. Duk shekarun da take magana da bango da kaji, cewa take yi wannan tawa ce, ta fi ƙarfin bakina. Yanzu ta cire kunyar ta ajiye, ta ba ni abin da ake ba kowane baƙo mai takalmi, wato gaisuwa da faranti. Na nemi baki, na samu, kuma ban taɓa jin maraici irin na ranar ba.

Inna ba ta yin abu rabi. Ta je wurin matar wani soja da ta zauna a bariki, ta koyi dafa shinkafar waje. Sati biyu shinkafar ta daina caɓewa. Kafin wata ya ƙare tana yin ta warawara, miyar tana soyuwa har mai ya taso, ta fi tawa nesa ba kusa ba. Wannan ma ya ƙona mini rai. Tumakinta da na tarar a turke suka riƙa raguwa, duk ranar kasuwa Kawu ya ja ɗaya ya dawo da shinkafa da gwangwani. Na aika wa Alhaji ya kawo buhu guda. Ta yi godiya har ƙasa, ta sa aka jingine shi a ɗakina, ba ta taɓa kwance bakinsa ba. Da na yi magana ta ce, "A'a, Malama, gidan nan ba mu taɓa ciyar da baƙo da guzurinshi ba."

Ga ciki ya tsufa, ga kwaɗayi. Kullum da la'asar ina jin ta ɗora tukunya, ina jin ta yi talge, ina jin muciya tana bugun gindin tukunya. Sai daddawa ta fara tashi, in zauna ina jira warin ya kwanta ya koma abin da na sani. Abin da ke cikina ya yi ta harbi. Girman kai ya hana ni roƙo har sati uku. Da na kasa, wata rana tana shara kusa da ƙofata, na dubi bango na ce, "Wasu dai suna marmarin tuwo."

Ta tsaya da shara ta juyo. "Da ni kike, Malama?"

Na ce da ita nake.

"To, bari a aika maƙwabta. Akwai mai tuwon masara, shi ya ɗan hi haske."

Aka kawo tuwon maƙwabta. Matar da ta kawo, ashe ita ce ta kwance ƙullin ranar Sallah. Ta ajiye a gabana ta ce, "In bai yi maki ba ki bari nan, ni zan dawo in ɗauka, kada a wahal da mai keke." Na ci ina haɗiye shi da hawaye. Tuwo ne dai, ba laifi, amma ba shi nake nema ba.

Na kira Kawu na ce ya ba ta haƙuri. A nan ne ya zauna ya ba ni labarin tsamiya da malmala uku, bai rage mini komai ba, ina jin da gangan. Ya je ya dawo ya ce ta ce laifin me, ai gaskiya na faɗa, mutane sun bar cin wannan. Na aika shi wurin Baba. Baba ya ce shi tunda yake bai taɓa shiga tsakanin mace da tukunyarta ba, ba kuma zai fara da furfura ba.

Na haifi mace. Inna ba ta bar wa kowa abin faɗa ba. Ita ke faskare, ita ke dafa ruwan wanka safe da yamma, ita ke samo ganye, ungozoma ta yi mini wankan. Kunun kanwa ma ita ke surfa geron ta kai niƙa, amma damun sai ta miƙa wa ungozoma ludayi. Tsohuwar ta gaji ta ce, "Mai jego da shinkahwa? Ina nono zai hito?" Inna ta ce ai su 'yan boko jikinsu ya saba. Jaririyar kuwa ba ta sauka daga hannunta. Tana yi mata rawa, tana tsokanarta, tana kiran sunanta sau ɗari a yini. Ina kwance ina ji tana ce mata, "Ke dai yi haƙori da wuri, ƙawata, in tuƙa maki."

Ranar suna aka ɗora manyan tukwane. Inna ta tsaya a kan miyar da kanta, kuka ce dai da kayanta biyar, sai naman rago. Duk unguwa ta ci, baƙin Ƙanƙara suka ci, direbobi suka nemi ƙari. Alhaji ya shigo ɗakina yana sakace haƙorin zinariyarsa yana cewa rabonsa da abinci irin wannan tun yana malamin gona, me ya sa ban taɓa yi masa ba. A gabana akwai faranti da cokali, da cinyar kaza a sama inda kowa zai gani. Na ce masa ya fita ya ba ni wuri.

Inna ta yi tsawon rai, ta ga auren wannan jaririyar. Na yi mata ɗaki na siminti, na biya mata Makka, ta karɓa duka da godiya har ƙasa. Har ta koma ga Allah ni Malama ce, kuma duk zuwan da zan yi farantina yana nan a wanke. Amma ranar da ta fi zauna mini ita ce ranar da na gama wanka zan koma ɗakina.

Mota za ta zo da la'asar, don haka ta ɗora tuwo da wuri saboda masu rakiya. Na yi kwalliya da sabuwar atamfa, na zauna a bakin gado ina jin muciya. Da na ji ta yi shiru na kwantar da jaririyar na fita. Ba kowa a madafi sai ita. Ta kwashe, malmala tana jere a akussa tana tururi, ta zuba miya a kwano, man shanu yana narkewa a kai. Na durƙusa gwiwa biyu a cikin toka da atamfar tawa.

"Inna, na tuba. Ki yafe mini."

"Allah shi yahe mamu baki ɗai, Malama," in ji ta, tana kankare muciya. "Ni ba ki yi mani komi ba."

Ban tashi ba. Na miƙa hannu na gutsuri tuwon da ke kusa da ni, yana ƙona mini yatsu, na dangwali miya. Lomar ta kusa bakina, har tururinta ya taɓa mini leɓe, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Ba da ƙarfi ba. Tafinta kaushi gare shi, da zafin tukunya a jiki. Ta zare lomar daga yatsuna ta ajiye a gefen murhu.

"Kada shi ɓata maki ciki," in ji ta, "ga tahiya gabanki. Taki ta kusa."

Sannan ta kama bakin zaninta ta shiga goge mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin farce, kada miyar ta saura. Tunda na yi wayo ban san taɓin hannunta ba sai ranar. Na bar mata hannun, ban janye ba, ina roƙon Allah a raina kada yatsun su ƙare. Ta gama da ɗan ƙaramin, ta sake ni, ta juya ta buɗe tukunyar shinkafa ta duba ko ruwan ya tsotse.